Hannu Ba Ya Ɗaure Harshe

Wasiƙu uku na ware wa wannan watan, duka a kan kurame. Ta farkon ta kwana biyu a jakata, don sau biyu ina fara amsa ta ina ajiye biro.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ɗana na fari shekararsa uku da wata huɗu, har yau bai ce Mama ba. Mun kai shi asibiti an gwada kunnensa, likita ya ce ba ya ji, kuma da alama da haka aka haife shi. Ni da shi muna ɗan gane juna da nuni, in yana son ruwa ko abinci ko zagayawa. Amma Hajiyar maigidana ta hana. Ta ce muddin ana yi masa magana da hannu harshensa ba zai saku ba, a riƙa ɗaga masa murya kawai, bakin zai buɗe. Har buge masa hannu take yi in ya yi nuni. Babansa kuma ya ce kunya yake ji a ga ana yi wa ɗansa maganar bebaye a cikin mutane. Yanzu yaron ya zama mafaɗaci, daga jifa sai cizo. Don Allah Malama, da gaske hannu yana hana magana? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba gaskiya ba ne. Bugun hannun nan kuwa ki san dabarar da za ki yi a daina shi tun yau.

Yaro abin da kunnensa ya kwasa shi bakinsa yake zubarwa. Ɗan Bahaushe in aka goya shi a gidan Yarbawa, da Yarbanci zai buɗe baki. Ɗanki harshensa lafiya lau, maƙogwaronsa lafiya lau, ai kina jin kukansa da dariyarsa. Bai ce Mama ba ne don bai taɓa jin an ce Mama ba. Ɗaga masa murya kuwa zuba ruwa ne a kan tulun da aka kife, ko kogin Kaduna aka juye masa ɗigo ba zai shiga ba. Abin da idonsa zai gani kawai shi ne fuskar babba ta murtuke, jijiyar wuya ta tashi. Sai ya ɗauka kullum faɗa ake yi masa, shi kuma bai san laifin da ya yi ba.

A ɗakinmu na koyi wannan. Ƙanena yana ɗan shekara huɗu lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kwantar da mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ta tafi da fiye da 11,000. Shi Allah ya tashe shi, amma ya baro jinsa a gadon asibiti. Yaro ne mai surutu kamar aku, sai ga kalmomi suna ɓace masa ɗaya bayan ɗaya, kafin shekara ta zagayo sunana ma ya gagare shi. Duk abin da Hajiya take faɗa mun yi shi. An yi ihu, an sha rubutu, an yi tofi a kunne, har wanzami aka kira ya leƙa ƙarƙashin harshen. Abu ɗaya ne ba mu yi ba: babu wanda ya zauna ya yi hira da shi.

Da daddare in mun zagaye kwanon tuwo, wani ya ba da labari a tuntsire da dariya, sai ya bi fuskokinmu ɗaya ɗaya da kallo, ya ja mini zane yana tambaya da ido. Ni kuma in kaɗa masa hannu: anjima. Wannan anjima ɗin ba ta taɓa zuwa ba. Bayan ya girma ya faɗa mini cewa a duk alamun duniya ita ya fi tsana.

Yana shekara bakwai ya ɓace mana wata ranar Laraba. Aka bazama nema, sai dab da magariba na same shi a rumfar wani tela kurma a bakin kasuwa, inda kuramen unguwa suke taruwa in sun tashi daga aiki. Su kusan goma, hannuwa na ta kai da kawowa, ana gardama, ana tsokana, shi kuma yana tsakiya yana dariya har da riƙe ciki, irin wadda rabona da ganinta a fuskarsa shekara uku. Na tsaya a bakin rumfar ban gane ko kalma ɗaya ba. A wurin nan ni ce kurmar.

Na fara raka shi, matar telan ta riƙa koya mini. Sun raɗa mini suna, a taɓa haƙoran gaba da ɗan yatsa, saboda wushiryata, kuma har yau da shi suke kirana. Da hannuna ya ɗan faɗa, tambayar farko mai nauyi da ƙanena ya yi mini ita ce: yaushe Kaka za ta dawo daga tafiya, kuma me ya sa ba ta tafi da shi ba? Kakarmu a lokacin ta shekara biyu a ƙasa. Ya ga an cika gida, ya ga ana ta dafa abinci, ya ɗauka biki aka yi. Shekara biyu yana fushi da mamaciya, muna ci a kwano ɗaya da shi, ba wanda ya sani.

Jifa da cizon da kika ambata ke nan. Ki ƙiyasta a ce cikinki na ciwo, ko wani ya ɗauke miki abu, ko kina tsoron kare, kuma hanya ɗaya tak da kike da ita ta faɗa an buge ta. Akwai ma abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Yaron da ba shi da harshe ba zai iya gaya wa uwarsa wane ne ya ja shi lungu ba, kuma mugaye sun san da haka.

Lokaci ma ba ya jiran ku. Shekarun farko, kamar zuwa biyar, su ne ƙwaƙwalwar yaro take buɗe wa harshe, kuma ba ruwanta da ta kunne ya shigo ko ta ido. Wanda ya wuce wannan zangon babu harshe ko ɗaya, karatu da lissafi da fahimtar jiya da gobe duk sai su zame masa hawan dutse har girmansa. Wanda kuwa ya samu maganar hannu da wuri, yana da ginshiƙin da zai ɗora karatu a kai, har da furta kalmomi in yana da sauran ji.

Kada ki ga baiken Hajiya da yawa. Masu digiri ma sun yi kuskurenta. A 1880 malaman makarantun kurame suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya, kusan dukkansu masu ji ne, suka yanke cewa a kori maganar hannu daga aji, a tilasta wa yara kallon leɓe da kwaikwayon murya. Aka kwashe shekaru masu yawa ana hukunta yara a makarantun Turai in sun ɗaga hannu. Sai a 2010, a irin wannan taron da aka yi a Kanada, aka fito fili aka yi watsi da hukuncin tare da nuna nadama. In kina son ki gane dalili, tsaya gaban madubi ki ce bari, ki ce ɓari, ki ce mari, ba tare da fitar da murya ba. Leɓenki abu ɗaya zai yi sau uku. Gwada kare da ƙare da gare. Kukan jariri da kukar miya fa, da hawa da saukar murya kaɗai ya raba su? Da wannan ake so ɗan shekara uku ya koyi Hausa.

Kada ki ja da Hajiya baki da baki, ba za ki ci riba ba. Ranar komawa asibiti ki lallaɓa maigidan ya raka ku, ya ji daga bakin likita, shi ya isar wa mahaifiyarsa. Ita kuma ki jawo ta ciki. Ai mijinta ne, ki koya masa wata alama ta musamman da zai riƙa kiranta da ita, ko ta carbi ko ta ɗaurin ɗankwalinta. Ban taɓa ganin kakar da jika ya raɗa wa suna ta ci gaba da buge masa hannu ba. Maigidan kuma a tuna masa a hankali cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kwana uku ya yi ba ya yi wa mutane magana sai da ishara, yana nan a Ali Imrana aya ta 41. Nana Maryam ma da mutanenta suka tsare ta da tambaya, nuni ta yi zuwa ga jaririn. Abin da Alƙur'ani ya ambata ga waɗannan bayin Allah bai zama abin kunya ga ɗansa ba.

Asibiti kada a daina. Akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, ba ta yi muku nisa ba, a duba ko na'urar ƙara ji za ta amfane shi. In ta amfane shi a sa masa, a ci gaba da hannun tare. Sannan ki nemi babbar mace kurma a garinku, ba za a rasa ba, ki roƙe ta ta riƙa zuwa gidan ko sau biyu a mako, ki riƙa ba ta ɗan abin sabulu, don koyarwa aiki ne. Kowa a gidan ya koya, har 'yar aikinku. Kafin ki ɗauke shi, kafin a yi masa wanka, kafin ki fita unguwa, ki tsuguna daidai idonsa ki gaya masa. In kuma lokacin makaranta ya yi, kada ku kai shi ta kwana ku naɗe hannu. Na san yaran da ke kuka ranar da aka ba da hutu, don za su bar inda ake hira su koma inda ake kallon su kawai.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ina da kemis a Zariya, kuma akwai kurame kamar biyar da suke sayen magani a wurina. Da rubutu muke fama, wani lokaci a gane, wani lokaci a rabu dutse a hannun riga. Ina so in koyi maganarsu, sai wani ya ce mini iri biyu ce. Ni na ɗauka ta kurame ɗaya ce a duk duniya. Wacce zan koya? Daga wani mai kemis.

AMSA: Barka kadai Malam. Wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya. Ƙungiyar kurame ta duniya tana ƙiyasta kurame kusan miliyan 70, da harsunan hannu sama da 300. Ingila da Amurka Turanci ɗaya suke yi da baki, amma kuramensu harshe biyu ne mabambanta, har baƙaƙensu ba iri ɗaya ba ne, na Ingila da hannu biyu ake yi, na Amurka da ɗaya.

A nan ƙasar Hausa akwai tamu ta gado, wadda ake ce wa maganar hannu ko maganar bebaye. Ba wanda ya ƙirƙiro ta a ofis, a kasuwa da majalisa da zaure ta girma, manya suna miƙa wa yara, kuma masu ji da yawa a da suna taɓa ta ba tare da sun ɗauke ta wani abu ba. Kurame a Kano har sarkinsu gare su, kamar yadda makafi suke da nasu. Wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarce ta, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000, inda ta nuna cikakken harshe ne mai ƙa'idojinsa.

Ta biyun ta makaranta ce, asalinta daga Amurka. Wani baƙar fata kurma ɗan mishan, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, ya ci gaba har ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Ta hannun malaman da aka horar a wannan layin ta iso Arewa, inda makarantar Tudun Maliki a Kano ta buɗe a 1977. Yau ita ce ta aji, ita ce wadda kake gani tafinta yana yi a kusurwar talabijin lokacin labarai, ko da yake kuramen Najeriya sun narka ta sun zuba mata nasu. Matasa da yawa suna gauraya biyun.

Amsata ita ce ka koyi ta mutum biyar ɗin nan da ke zuwa shagonka. Ka ajiye benci, ka sayi shayi, ka ce wa wanda ya fi sakin jiki a cikinsu ya koya maka. Dattijon da bai shiga aji ba ta gida zai yi maka, saurayin da ya yi makaranta zai haɗa maka da baƙaƙen yatsu, waɗanda za ka iya haddace su cikin mako guda, kuma za su yi maka amfani wajen sunan magani. Bidiyon intanet yana taimakawa, amma mafi yawansa na Amurka ne zalla, kada ka dogara da shi kaɗai. Ƙungiyar kurame ta ƙasa tana da rassa a jihohi, kuma sukan yi taro wajajen 23 ga Satumba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa harsunan hannu. Ka je a san fuskarka.

Rubutun da kuke fama da shi ga inda yake yin tuntuɓe. Wanda aka haifa kurma bai taɓa jin Hausa ba, a makaranta kuma da Turanci aka koya masa rubutu. Sai ka rubuta masa Hausa tsantsa kana ganin ka sauƙaƙa, alhali baƙon harshe ka miƙa masa. Gyaɗa kai kuma ba shaidar fahimta ba ce, sau tari gajiya ce da gudun a ce ya cika naci. A wani shagon magani an taɓa ɗaga wa ƙanena yatsu uku, ana nufin sau uku a rana. Ya zo gida ya haɗiye ƙwaya uku a take. Allah ya taƙaita, jiri kawai ya kwana yana yi. Tun daga nan na koyi raba magani da lokutan salla: ka nuna ƙwaya ɗaya, ka nuna asuba, ka nuna ɗaya, ka nuna azahar, haka har dare, sannan ka ƙirga masa kwanakin. In ka gama ka ce ya maimaita maka. A maimaitawar nan ake kama kuskure.

Kada ka yi magana da hannu fuskarka a sandare. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, a wannan harshen kuwa fuska rabin nahawu ce. Gira ce take mayar da zance tambaya, kumatu da baki su suke raba ciwo kaɗan da ciwo mai tsanani. Ka tsaya inda haske yake dukan fuskarka, ka sauke takunkumi in kana sanye da shi. In za ka kira namiji ka dafa kafaɗarsa, in mace ce ka kaɗa hannu ta inda idonta zai kama. Jifa da tsakuwa da yara suke yi, har da wasu manya, wulaƙanci ne. In kuma ya zo da ɗan rakiya, shi mai ciwon za ka kalla, shi za ka tambaya. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ɗora wa asibitocin gwamnati samar da hanyar sadarwa ga irin waɗannan marasa lafiya. Kafin tafinta ya wadata a ko'ina, kai da ke bakin layi kai ne asibitin farko da suke zuwa.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ina neman auren wata yarinya kurma, ƙyanda ce ta taɓa mata kunne tana ƙarama. Ta WhatsApp muke hira da rubutu, kuma muna fahimtar juna sosai. Iyayena sun ce kurame za mu haifa, wani kawuna kuma ya ce ta yaya ma za a ji yardarta. Ni kuma ina ganin tunda ta iya rubutu ba sai na wahalar da kaina da koyon hannu ba. Daga wani ɗanki a Gusau.

AMSA: Lafiya lau ɗana. Kurumtar da ƙyanda ko sanƙarau suka jawo ba a gadonta, kamar yadda wanda ya karye a ƙafa ba ya haifar gurgu. Akwai wadda ake gado, ta fi fitowa a inda auren zumunci ya yi yawa, amma ba ita ce ta yarinyar nan ba. Mafi yawan kurame ma masu ji ne suka haife su. Ƙanena da matarsa duka ciwo ne ya kurumtar da su, 'ya'yansu uku ras suke ji, kuma da hannu suka fara kiran uwarsu kafin baki.

Kawu kuma a gaya masa malaman fiƙihu sun daɗe da rufe wannan babin: isharar da aka saba ganewa daga wanda ba ya magana tana tsayawa a matsayin furuci, a aure da saki da ciniki. Inda nake jan kunne shi ne wajen waliyyai. An ce shirun budurwa yardarta ce, to amma wannan budurwar da aka gaya wa ce ta ji. Wadda aka yi zancen a kanta da baki tana zaune tana kallon leɓuna, shirunta ba ya nufin komai. A samo mace mai amana da ta iya hannu ta tambaye ta a keɓe, sunan wa, sadaki nawa, ta yarda ko ba ta yarda ba.

Kai kuma da kake gudun wahala, zaman aure ba a waya ake yin sa ba. Ranar da naƙuda ta kama ta cikin dare ba za ta tsaya neman caji ba. Ranar da 'yan'uwanka suka cika falo ana shewa, kai kaɗai ne ƙofarta zuwa cikin hirar, in ka ce mata anjima ka gama da ita. Ka fara tun yanzu, ita ce ma malamar da ta fi dacewa da kai, zancen naku ya koma aji. A cikin kayan lefe ka sa fitila mai caji guda biyu, don in aka ɗauke wuta hira ta yanke ke nan. Ka kuma shirya wa faɗa. Matar ƙanena in ya ɓata mata rai ba ta fita tsakar gida, ba ta buga ƙofa. Sai ta gama zazzage masa nata tas, da ya ɗaga hannu zai kare kansa, sai ta rufe ido.